Hajiya, ga inda feshin hancin nan yake sauka in kin fesa

Hajiya barka da war haka, ya Makka ya zafi, ya jikoki. Tambayarki ta iso ni, bari in maimaita ta a taƙaice saboda nasan ba ke kaɗai bace. Kince wata uku kenan hancinki a toshe, ga atishawa ga ƙaiƙayi musamman in kin kwana a mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko gari ya tashi da ƙura, likita yace hasasiyya ce, wato jiki ne baya jituwa da wani abu kamar ƙura, ya rubuta miki bakkak, wato maganin feshi, mai haɗin kotizon da azelastin, kinyi sati biyu kina fesawa baki ga wani sauƙin kirki ba sai ɗaci a maƙogwaro kamar kin tauna maɗaci, jiya kuma kin fyace kinga jini a tishu. Shi kuwa Otrivin da kike aika yaro ya siyo miki, minti biyar ya buɗe hanci. Shine kike tambaya wai maganin nan ina yake zuwa ne, ƙwaƙwalwa yake hawa ko ciki yake gangarawa, kuma in azumi yazo ya zakiyi.

Toh ni dai aikina kenan, shekara da shekaru ina tsaye bayan kanta a saidaliyya, wato kantin magani, a Jidda, kuma wallahi in mutum goma suka dawo min da irin wannan kuka, yawancinsu in nace su nuna min yadda suke fesawa a nan take nake gano inda gizo yake saƙar. Maganin hanci inda ya sauka nan yake aiki. Ɗacin da kike ji, da jinin, da wanda yake ɗigowa waje kina gogewa, duk labarin wurin sauka suke baki, kowanne da nasa.

Abu na farko da mutane basu sani ba shine hanci ba sama ya nufa ba. Abinda muke gani a madubi, karan nan da ya miƙe zuwa tsakanin idanu, shi yake yaudarar mu. Ramin hanci baya ya nufa, a kwance, saitin kunne, a saman ganɗa. Ki tuna lokacin korona da ake zura mana tsinken audugan nan, ai ba sama suke kai shi ba, ciki suke turawa a miƙe har mutum yaji kamar zai taɓo ƙeya, hawaye na zuba. Toh wannan itace ainihin hanyar, kuma tafi tsawon yatsanki.

Ki ɗauke shi kamar gida irin namu na da. Ƙofar hanci da ɗan wurin da gashi yake, wannan zaure ne, fatarsa kusan irin ta waje ce, bata shan magani sosai kuma ba nan ciwon yake ba. In kin wuce zauren da kamar santimita 2 zuwa 3 sai ki tarar da wata matsatsiyar kafa, itace wuri mafi ƙunci a duk hanyar iska ta hanci, ba zagayayya bace, tsaga ce siririya kamar an ɗan sakaya ƙofa. Bayan ta ne tsakar gidan yake. A can jikin bangon waje, wato ɓangaren kunci, akwai wasu tsokoki guda uku a jere, ta ƙasa da ta tsakiya da ta sama, kowacce da siririn ƙashi a ciki a naɗe. Ke da kika sha gyaran kan rago da layya, in an fasa shi kin san wasu ƙasusuwa marasa kauri kamar takarda da suke nannaɗe a cikin hancin, toh mu ma muna da irin su, sai dai namu basu kai na rago naɗewa ba. Su ne suke ɗumama iska su jiƙa ta su tace ƙura, kuma su ne suke kumbura in hasasiyya ta tashi har hanya ta toshe. In aka shimfiɗa fatar cikin hanci gaba ɗaya zata kai wajen santimita murabba'i 150, kamar faɗin tafin hannunki har da yatsu, amma kusan duk wannan fili a bayan matsatsiyar kafar nan yake. A tsakiya kuma akwai bango na guringuntsi da ƙashi da ya raba hanci biyu.

Kinga kenan aikin kwalbar feshi shine ta wuce da magani ta wannan tsagar ta kai shi kan tsokokin nan. Kuma aiki ne mai wuya, don Allah ya halicci hanci ne ya tare duk abinda ba iska ba.

Famfon da yake kan kwalbar awo gareshi, duk dannawa ɗaya yana fitar da kusan mililita 0.1, wasu ma rabin haka. Ƙaramin cokalin shayi mililita 5 ne, kenan sai kin fesa wajen sau 50 kafin ki cika shi. Ba rowa bace ta kamfani, hancin ne baya riƙe ruwa da yawa, in ya wuce wajen mililita 0.2 a kafa ɗaya sai ya kwararo waje ko ya zarce maƙogwaro. Ruwan yana fitowa ta wata 'yar mitsitsiyar huda yana juyawa, sai ya tarwatse ya zama raɓa, yana buɗewa kamar mazurari, bakinsa siriri gabansa faɗi. Ki fesa ɗaya a iska kusa da taga inda rana take shigowa zaki gani da idonki. Girman ƙwayoyin raɓar nan da gangan aka tsara shi, yawanci tsakanin maikuron 30 zuwa 100 suke, silin gashin kai ɗaya kaurinsa wajen maikuron 70 ne, kinga kusan sa'anni ne. In ƙwayar ta gaza maikuron 10 tayi sauƙi da yawa, iska zata ɗauke ta ta wuce hanci ta gangara huhu, wanda ba'a so, shi yasa bakkak ɗin asma daban na hanci daban, na asma ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai don su kai huhu. In kuma tayi girma da yawa sai ta faɗi tun a zaure.

Ga inda rigimar take. Raɓar tana fitowa da gudu, ita iska in tazo kwana sai ta lanƙwasa ta bi hanya, amma ƙwayar ruwa tana da nauyi, kamar tirela ce da ta kwaso gudu tazo kwana, bata iya karyawa sai ta daki abinda yake gabanta. Ga mazurarin feshin ya buɗe da faɗi, ga kafar da zai bi tsaga ce. Kamar ki tsaya a zaure ki watsa ruwan bokiti ta ƙofar da aka sakaya, wani zai shiga ciki amma mafi yawa jikin ƙyaure zai jiƙa. Masu bincike sun gwada wannan, suna saka wani sinadari da na'ura take iya gani a cikin ruwan feshin su ɗau hoto bayan an fesa, abinda ake ta gani shine kaso mafi tsoka a gaba yake tsayawa, zaure da bakin tsokar ƙasa da gaban bangon tsakiya. Wannan fa ko da an fesa daidai. Toh ina ga wanda ya saita sama.

Akwai wani dattijo da yake zuwa wajenmu, mutumin kirki, direba ne ya daɗe a ƙasar nan. Yazo yana faɗa wai maganin jabu ne. Nace Baba nuna min. Sai ya ɗaga kai sama kamar mai duban wata, ya kama kwalbar da hannun dama ya cusa a hancin dama, ya danna, sannan ya ja wani irin numfashi fuuut kamar mai zuƙar kunu da zafi, ya haɗiye, ya yamutsa fuska yace kaji ɗacin ko. Nace Baba ai shanye shi kayi. Kuskure uku yayi a daƙiƙa biyu, kuma ina kyautata zaton Hajiya ke ma haka kike yi, kiyi haƙuri ba raini bane, kusan kowa haka yake yi don ba wanda ya taɓa nuna masa.

Ɗaga kai yana mayar da ramin hanci gangare zuwa maƙogwaro, duk abinda ya taru sai ya silale baya. Zuƙa da ƙarfi kuma abu biyu take yi, tana fizge maganin ta wuce da shi kafin ya zauna, sannan tana matse gefen hancin ciki, ki gwada a madubi ki ja iska da ƙarfi zaki ga fukafukan hancin sun lotsa, wato kin ƙara rufe tsagar da dama can ƙunci gareta. Azelastin dama ɗaci gareshi a halittarsa, an san shi da haka, amma hanci baya jin ɗanɗano, harshe da maƙogwaro ke ji, don haka in kinji ɗaci sosai nan take bayan fesawa toh ya tsallake wurin aikinsa.

Jinin kuma daga hannu ne. In kika riƙe kwalba da dama kika sa a hancin dama, bakinta da kansa yake karkata ciki ya kalli bangon tsakiya. A gaban bangon nan akwai wani ɗan wuri da ƙananan jijiyoyin jini suka haɗu suka yi saƙa, fatar wurin siririya ce a kan guringuntsi, yawancin haɓo daga nan yake fitowa, har na yara masu sa yatsa a hanci. Kullum safe da yamma ki dinga harbin wuri ɗaya da kotizon, wani lokaci bakin robar ma yana gogar wurin, ga mukayyif ya busar da shi dare da rana, ga iskar Makka da ba danshi, ai dole ya tsage. Kuma abin haushi ba'a ma buƙatar maganin a wurin.

Yadda zakiyi shine, ki fara fyace hanci a hankali, don magani a kan majina kamar shafa mai ne a kan riga. Ki girgiza kwalbar sosai, irin waɗannan garin magani ne a cikin ruwa mai ɗan kauri, in ya zauna yana kwantawa, wasu kamar Avamys ma sai an girgiza wajen daƙiƙa 10 kafin ruwan ya saki ya fesu. Ki sunkuyar da kai kaɗan kamar kina kallon yatsun ƙafarki. Hannun dama ya fesa hancin hagu, hannun hagu ya fesa na dama, wannan musayar hannun ita kaɗai tana juya bakin kwalbar waje. Ki sa bakin ciki kaɗan, ki saita shi baya da gefe, kamar kina nufin saman kunnen wannan ɓangaren. Ki danna har ƙasa da sauri a lokaci ɗaya, in kika danna a sanyaye ba raɓa zai fito ba, tsartuwa zaiyi. Numfashi kuwa a hankali, kamar kina sansana turare a bayan hannu, sannan ki fitar ta baki. Kar ki fyace sai an jima, in wani ya ɗigo ki goge kawai. In sabuwar kwalba ce ko ta daɗe a ajiye, sai an fesa a iska har raɓa ta fito sosai, takardar cikin kwali tana faɗin sau nawa, wasu 6 wasu 10. In hudar ta toshe ki cire kan ki jiƙa a ruwan ɗumi, don Allah kar a sa allura ko tsinke, wata ta taɓa kawo min nata ta buɗa shi da fil ɗin mayafi, ya koma yana harbi kamar sirinji, awon ya lalace kenan. Kuma kar a bar shi a mota, kin san motar da ta wuni a rana a garin nan.

Toh bayan ya sauka fa, me yake faruwa. Cikin hanci a shafe yake da majina siririya, ƙarƙashinta akwai wasu gashi da ido baya gani, suna kaɗawa sama da sau 10 a daƙiƙa ɗaya, duk baya suke tura majinar, wajen milimita 5 zuwa 6 a minti. Akwai gwajin da likitocin hanci suke yi, su ɗora ɗan ƙwayar sakarin a kan tsokar ƙasa su ce mutum ya zauna kar ya shaƙa, su duba agogo, mai lafiya kafin minti 20 zai ce yaji zaƙi a maƙogwaro. Kenan maganin da ya sauka a tsakar gida yana da kamar minti 15 zuwa 20 ne ya ratsa fata kafin a share shi zuwa maƙogwaro a haɗiye. Wannan sharar tana da amfaninta, ita take jan maganin da ya sauka a bakin tsoka ta shafe shi har baya. Wanda ya tsaya a zaure kuwa ba mai share shi, nan zai bushe ko ya ɗigo. Shi yasa ake ɗan kaurara ruwan, ya manne ya daɗe. Don haka in kinji ɗan ɗaci kaɗan bayan kwata ɗin awa wannan ba komai, hanyarsa ce, ki kurɓi ruwa.

Wanda aka haɗiye kuma kar ya dame ki. Nasan mutanenmu da jin kalmar kotizon sai gaba ya faɗi, a tuno masu kumburin fuska da ciwon suga. Irin na feshin zamani, fulutikason da mometason, hanta tana lalata kusan duk wanda ya bi ta ciki, abinda yake kaiwa jini bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Tsofaffin na ɗigawa irin betametason su ne suke shiga jiki da yawa, su ba'a daɗewa a kansu. Sai dai mai hawan ruwan ido, da mai shan wasu magungunan ƙanjamau irin ritonabir, su faɗa wa likita kafin su fara.

Maganar ƙwaƙwalwa, tambayar taki ba shirme bace. A can rufin hanci akwai wani ɗan lungu inda jijiyoyin jin ƙamshi suke, suna ratsa wani siririn ƙashi mai huji-huji kamar rariya su shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye. Masana sun daɗe suna neman yadda zasu bi ta nan su kai magani, har an ƙera na'urori na musamman don haka, amma kwalbar da take hannunki da ƙyar wani abu nata yake kaiwa wannan lungun, yayi sama da yawa kuma yayi ƙunci. Haka ma aljihunan hanci, juyub da Larabawa suke cewa, kogunan nan da suke cikin ƙashin kunci da goshi, ƙofofinsu 'yan milimita ne kuma a ɓoye ƙarƙashin tsokar tsakiya, feshi baya shiga cikinsu sosai in ba anyi tiyata an buɗa su ba, abinda yake yi shine ya sace kumburin bakin ƙofar su samu su zubar da abinda ya taru.

Akwai dai magungunan da ake fesawa a hanci ba don hancin ba, don jini ake nufi, saboda fatar wurin cike take da jijiyoyi kuma abinda ya shiga ta nan baya fara bi ta hanta. A Amurka an amince da Narcan a 2015, feshi ɗaya miligiram 4, ana ceto wanda ƙwaya irin su hiroyin ta ɗauke wa numfashi, ko a sume yake zaiyi aiki don baya buƙatar ya shaƙa. A 2019 aka fito da Baqsimi, gari ne na gulukagon da ake busa wa mai ciwon suga in sugansa ya faɗi ya suma. A 2024 kuma neffy, madadin allurar adirenalin ga masu mummunar hasasiyya. Akwai na ciwon ɓarin kai, akwai na farfaɗiya, akwai rigakafin mura. Su waɗannan na gaggawa harbi ɗaya ne a cikinsu, ba'a gwada su a iska, in ka gwada ka zubar. Wani likitan hanci ɗan Nowe mai suna Per Djupesland ma wata dabara yayi, na'ura mai baki biyu, ɗaya a hanci ɗaya a baki, sai mutum ya hura da bakinsa, hurawar tana ɗaga ganɗar baya ta rufe hanyar maƙogwaro, iskar kuma ta buɗa tsagar nan ta kai maganin can ciki da sama. Abin ya burge ni gaskiya, don ya juya matsalar ne gaba ɗaya, mai hurawa ai bazai iya zuƙa ba.

Yanzu Otrivin, nan ne nake so ki bani kunnenki. Shi zailometazolin ne, aikinsa ya matse jijiyoyin jinin tsokokin nan su motse, shi yasa minti kaɗan hanya ta buɗe. Baya taɓa hasasiyyar ko kaɗan. In aka wuce kwana 5 zuwa 7 ana amfani da shi, wasu likitoci ma 3 suke cewa, jijiyoyin sai su saba, yana sakinsu su kumbura fiye da da, sai a ƙara fesawa, da sau biyu a rana sai ya koma duk awa uku, sai ya zama akwai ɗaya a jaka ɗaya ƙarƙashin filo. Takardar cikin kwalin ta faɗi haka ƙarara, mu ne bama karantawa. Ke kuma wata uku kikace hancin a toshe. Ina ganin rabin toshewar da kike fama da ita yanzu tasa ce, kuma tsokar da ta kumbura ta cika hanya ta ina sabon feshin zai wuce. Ki koma wa likitanki ki faɗa masa gaskiyar adadin da kike yi, kar kiji kunya, balle in kina da hawan jini. Yadda aka saba yi shine a ci gaba da mai kotizon kullum, a janye Otrivin, wasu su daina gaba ɗaya wasu su fara barin hanci ɗaya har ya warware sannan ɗayan. Zaki sha wuya na kwanaki, wani har sati biyu, musamman da dare, ki ɗaga filo. Shi kotizon ba mai gaggawa bane, sai an jera kwanaki kafin a fara ji, cikakken aikinsa sai sati ɗaya zuwa biyu ko fiye, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kuma ki ɓoye Otrivin ɗin manya daga jikoki, ƙaramin yaro in ya sha ko aka zuba masa da yawa yana iya sa shi barci mai nauyi bugun zuciya ya ragu.

Wani abu da zai iya ruɗa ki, in kinji hanci ɗaya a buɗe ɗaya a ɗan toshe, anjima su yi musaya, wannan ba ciwo bane, haka kowa yake, duk bayan 'yan awanni suna karɓa-karɓa, wani likita Bajamushe Richard Kayser ya bayyana shi tun 1895. In kin kwanta ta dama na dama ne zai cika. Abu Fas da Robb da ake shaƙa kuma, sanyin mantol ne yake sa kiji kamar iska na wucewa, an auna an ga hanyar bata ƙara faɗi ba. Man zaitun da man habbatus sauda da ake ɗurawa a hanci, ni bana so, mai in ya silale huhu baya fita da sauƙi.

In wata rana aka rubuta miki na ɗigawa, shi dokarsa daban, ba famfo gareshi ba, nauyinsa ne yake kai shi, don haka inda kika juya kai nan zai gangara. A tsaye ki ɗaga kai ki ɗiga, ƙasan hanci zai bi ya faɗa maƙogwaro, a banza. Abin dariya, a littattafan likitocin hanci na Turawa akwai wani zama da suke kira zaman Makka, mutum ya durƙusa ya kifa kai ƙasa kamar mai sujada, har ya ɗan wuce sujada tsakiyar kai ta kalli ƙasa, don maganin ya gangara rufin hanci. Ranar da na fara karanta sunan sai da nayi murmushi. Wanda gwiwa bata barinsa sai ya kwanta rigingine a gado ya sako kai ta gefen katifa yana reto, ya ɗiga, ya jira minti biyu.

Wankin hanci da ruwan gishiri ina ba da shawararsa sosai a wannan ƙasa mai ƙura, irin robar nan mai cin mililita 240 da ake matsawa ruwa ya shiga ta nan ya fito ta can, shi yawansa ne yake sa ya kai inda feshi baya kaiwa. A fara wanki, a jira hanci ya tsane, sannan a fesa magani, in aka juya an wanke maganin kenan. Amma ruwan ya zama wanda aka tafasa ya huce ko tataccen na saidaliyya, ba na tankin saman bene da ya wuni a rana ba. Akwai wata ƙwayar cuta da take rayuwa a ruwa mai ɗumi, shan ta baya komai amma in ta hau rufin hanci ta rariyar nan take bi ta shiga ƙwaƙwalwa, an rasa mutane da ita a Karachi ta Pakistan, an kuma samu a Luwiziyana ta Amurka a 2011 wajen masu wankin hanci da ruwan famfo. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma tafasa ruwa ai ba wuya.

Azumi kuma, ni ba malami bane, abinda na sani dai shine Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ta zauna a nan Jidda a watan Safar 1418, wato 1997, ta sa ɗigon hanci da feshin hanci cikin abubuwan da basa karya azumi matuƙar mutum ya kiyaye haɗiye abinda ya kai maƙogwaro. Akwai malaman da suka tsananta, musamman a kan na ɗigawa, suna kafa hujja da hadisin da aka ce a kai matuƙa wajen shaƙa ruwa a alwala sai in ana azumi. Ke naki sau biyu ne a rana, kiyi ɗaya da sahur ɗaya bayan buɗa baki kin fita daga saɓanin, maganin kuma bai rasa komai ba.

Jinin da kika gani, ki huta da feshin a wannan hancin kwana biyu uku, ki dinga sa ruwan gishiri ko jel ɗin hanci na saidaliyya wurin ya warke, sannan ki dawo da sabon saiti. In haɓo ya ɓalle ki zauna ki sunkuya gaba ki matse tattausan wurin hancin minti 10 ba saki, banda ɗaga kai. Amma in kina shan maganin tsinka jini, ko jinin yana ta dawowa, ko kika lura hanci ɗaya ne tak kullum a toshe baya musaya, ko ƙamshi ya ɗauke miki, wannan sai likitan hanci ya leƙa da kyamara, wataƙila bangon ne a karkace ko tsiro ne irin lahmiyya, su kuma ba saitin kwalba ne zai gyara su ba. Gobe da safe ki tsaya gaban madubi ki fesa yadda kika saba sau ɗaya ki kalli inda gindin kwalbar ya nufa, in kinga ya karkata wajen kunci toh bakinta bango yake kallo, da yamma sai ki sauya hannu. A gaida mutan gida, Allah ya ƙara sauƙi.